Da me wanda ya cinye uwar kuɗinsa zai tashi?

Assalamu alaikum, Malam Edita.

Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, ina roƙon ka ba ni fili in amayar da abin da ya daɗe a cikina. Ni ɗan kasuwa ne a garin Jibiya ta Jihar Katsina. Shagon kayan masarufi gare ni, na gaje shi wurin mahaifina, Allah Ya jiƙansa, kuma shekara 24 ke nan ina zaune a bakinsa ina sayar da sukari da madara da mai da taliya da fulawa da sabulu. Ban yi zurfi a boko ba, amma ina karanta jarida, rediyo kuma ba ya barin kunnena.

A 'yan watannin nan kusan kullum sai na ji ana cewa tattalin arzikin ƙasa ya fara farfaɗowa. An ce a 2024 ya ƙaru da wajen kashi 3.4 cikin 100. An ce hauhawar farashi da ta kai kashi 34.8 a Disambar 2024 ta sauko zuwa 24 da 'yan kai a Janairun 2025, bayan Hukumar Ƙididdiga ta sabunta yadda take lissafin. Kason da jihohi ke karɓa duk wata shi ma ya ƙaru sosai tun da aka cire tallafin mai. Ban zo ƙaryata kowa ba, masu lissafi sun san aikinsu. Sai dai ni ma ina da nawa littafin, kuma abin da yake gaya mini daban ne.

Littafin bashi nake nufi. Nawa dogo ne mai baƙin bango, kowane mai ɗaukar kaya da shafinsa. Mahaifina ya hore ni kada in taɓa yage shafin mutum. In ya biya a ja layi a kan abin da ya biya, shafin ya zauna, domin shi ne shaidar mutuncinsa ranar da zai sake neman kaya. Saboda haka tsofaffin littattafan duk suna nan cikin akwatin ƙarfe a ƙarƙashin tebur. Wani dare bayan na rufe shago na ɗauko na 2018, na ajiye shi kusa da na bana, na haska fitilar waya ina buɗawa shafi-shafi.

Yawan bashin bai ba ni mamaki ba, kuɗi sun lalace, dole lamba ta kumbura. Irin bashin ne ya hana ni barci. A littafin 2018 kusan kowane shafi bashin sana'a ne. Mai shayi ya ɗauki kwalin madara da rabin buhun sukari ran Litinin. Mai ƙosai ta aiko a ba ta galan na mai. Mai burodi ya ɗauki fulawa buhu 3. Mai tebur daga ƙauye ya ɗaure sabulu da ashana da alawa a bayan babur ya tafi. Ranar Lahadi in kasuwarmu ta ci, tun daga la'asar har bayan magariba aikina jan layi ne, domin kaya sun fita sun yi aiki sun dawo da 'ya'ya. A littafin bana kuwa, shafi bayan shafi: taliya leda 2, garin kwaki rabin kwano, mai na naira 200, sukari ƙulli ɗaya, sabulun wanki guda. Wannan bashin ciki ne. Ba ya haihuwa, ba ya dawowa da ƙafarsa, sai mutum ya ranto daga wani wuri ya toshe. Kuma da yawa daga cikin sunayen ɗaya ne a littattafan biyu. Mutumin da ke ɗaukar kwali jiya, shi ne ke ɗaukar ƙulli yau.

Wanda bai san Jibiya ba zai ɗauka kukan tsadar rayuwa ne irin na ko'ina. Namu yana da ƙari. Garinmu a bakin iyakar Nijar yake. Daga Magama in ka tsallaka ka faɗa Ɗan Isa, kafin ku gama hira da na kusa da kai a mota kun shiga Maraɗi. Rabin arzikinmu a can yake, rabin nasu a nan, haka ma dangi. Uwargidana 'yar Maraɗi ce. Su kawo wake da aya da dabino da kanwa da dabbobi, su koma da kayan roba da atamfa da taliya da kayan gini. Tsakanin zuwan nan da komawa ne dubban mutane ke samun na tuwo: 'yan dako, 'yan kamasho, masu faci, masu canjin sefa, 'yan ga-ruwa, mata masu abinci da masu fura. Ba wanda ke da kamfani a cikinsu. Hanya ce gonarsu.

A Yulin 2018 ambaliya ta afka mana cikin dare, ta ci rayuka fiye da 40, ta share gidaje a Kwata da Tukare da Ɗan Tudu. Mutane ba su gama tayar da bango ba aka rufe iyaka a Agustan 2019. Na san dalilin da aka bayar, kuma ba zan ce shinkafar waje ba ta bi ta nan ba. Tana bi, kowa ya sani. Manoman shinkafa na Kebbi da Jigawa sun ci moriyar rufewar, ina taya su murna har zuciya. Amma ƙofar da aka rufe wa shinkafa, ita ce ƙofar wake da dabino da raguna. Bayan wata 3 aka hana kai fetur gidajen man da ke cikin kilomita 20 daga iyaka, namu suka zama kango, ɗan acaɓa ya koma sayen na kwalba da tsada. Korona ta zo ta ɗiba nata. A Disambar 2020 aka buɗe Seme da Illela da Maigatari da Mfum, tamu sai Afrilun 2022. Ana cikin jiran nan, saboda ta'asar 'yan bindiga, a 2021 aka dakatar da cinikin dabbobi a kasuwarmu, aka rufe hanyar Gurbin Ɓaure, aka yanke layin waya wajen wata 3. Kowane mataki da hujjarsa, amma duk a wuyan mutum ɗaya suka sauka.

Akwai wata baiwar Allah, mijinta ya rasu ya bar ta da 'ya'ya 5, tana sayar da tuwo da shinkafa da wake a bakin hanya, kusa da inda manyan motoci ke jiran a duba takardunsu. Tukwane 3 take ɗorawa kullum, manya irin na biki. 'Yan mata 4 ke taya ta, ga yaron da ke zuba mata ruwa, ga tsohon da ke kawo mata itace a jaki. Duk mako jarkar mai take ɗauka a wurina, bashina bai taɓa kwana biyu a hannunta bayan Lahadi ba. Da motoci suka ɗauke ƙafa ta koma tukunya ɗaya, ta sallami biyu daga cikin 'yan matan tana ba su haƙuri. Kowa cewa yake wata ɗaya ne ko biyu za a buɗe. Ita ma haka ta ɗauka, ta ci gaba da ɗora sanwa tana faɗuwa, tana cike giɓin da awakinta. Awaki suka ƙare. Wata ranar kasuwa na ga an turo tukwanen nan a baro za a kai wa masu sayen tsofaffin kaya, ɗan autanta na biye ya kifa murfi ɗaya a ka saboda rana. Ta tsaya muka gaisa. Ba ta ce komai a kan tukwanen ba, ni ma ban tambaya ba.

Da aka buɗe iyaka motoci sun dawo, direbobi sun dawo da yunwarsu. In da lissafi za a bi, wurin ya farfaɗo, kuma gaskiya ne, har gobe ana cin abinci a rumfar nan. Sai dai wani mai ƙarfi ne daga birni ya kama ta, ya zuba kujerun roba da firji. Ita kuwa ta koma bayan rumfar tana wanke-wanke, ana ba ta na cefane da ragowar ƙanzo. Hannunta bai manta girki ba, tsofaffin direbobi har yanzu suna cigiyar tuwonta. Tukunya ce babu, da kuɗin buhun farko. Da ruwan ciki ake jan na rijiya, nata kuwa an yi kusan shekara 3 ana ƙafar da shi.

Abin da nake so masu tsara mana rayuwa su gane ke nan. Masifa in ta zo, mai hali riba yake rasawa, ya jingine ya jira. Talaka uwar kuɗi yake ci: akuya, keken ɗinki, babur, injin markaɗe, daga ƙarshe gonar gado. In ƙura ta lafa aka ce kowa ya koma bakin sana'arsa, na farko ya buɗe shagonsa har ya haɗa da kasuwar na biyu, don na biyun ba shi da abin buɗewa. Jimillar ciniki na iya komawa inda take, ta ma zarce, alhali hannayen da ke riƙe da ita sun ragu.

Ana kukan targaɗe sai ga karaya, 2023 ta shigo da canjin kuɗi. An ce tsofaffin naira 500 da 1,000 sun daina aiki, sababbin kuma sai dai ka ji labarinsu. Ba zan manta da wata Lahadi cikin Fabrairun shekarar ba. Wani dattijo ya taho daga ƙauye da tunkiya da ɗanta, mai ɗakinsa na kwance ba lafiya. Duk wanda ya taya sai ya ce taransifa zai yi. Dattijon ba shi da asusun banki, wayar ma ta ɗansa ce, garinsu kuma ba sabis. Ya yini yana jan igiya daga wannan rumfa zuwa waccan, ya zo ya sha ruwa a ƙofar shagona, tunkiyar na haki, shi ma yana haki. Da rana ta yi sanyi ya sallama wa mai tsabar kuɗi a kan abin da bai fi rabin darajarta ba. A makonnin nan sefa ce ta rufa mana asiri. Da ita nake karɓar ciniki, da ita nake ba da canji, a cikin Najeriya. Ranar 3 ga Maris Kotun Ƙoli ta ce tsofaffin kuɗi su ci gaba da aiki. Hukunci ya yi kyau, amma tunkiya ta riga ta tafi, kuma ita kaɗai ce ta rage masa.

Sauran kowa ya san su. Ranar 29 ga Mayu tallafin mai ya tafi, litar da ba ta kai naira 200 ba ta haura 500 cikin kwanaki, kafin ƙarshen 2024 ta taɓa 1,000. A Yuni aka saki naira, dalar da ke wajen 460 a farashin hukuma ta wuce 1,500 a farkon 2024. Jikar sefa, wato sefa 1,000, da muke saye naira 300 da 'yan kai a wajen 2014 ta haura naira 2,000. Ranar 26 ga Yuli sojoji suka karɓi mulki a Yamai, ECOWAS ta ƙaƙaba takunkumi, iyakar da ba ta daɗe da buɗewa ba ta sake rufewa sai Maris na 2024. Kayan gwari suka ruɓe a kan motoci, 'yan'uwanmu na Maraɗi suka zauna cikin duhu da aka yanke wutar da ke zuwa musu daga nan. Yau Nijar ta fice daga ƙungiyar ma gaba ɗaya, tun Janairun 2025.

Ni kaina a shekarar nan na sayar da ƙaramar motar da nake ɗauko kaya da ita, don in biya ubangidana na kasuwar Singa a Kano. Ya yi mini haƙuri na wata 5, Allah Ya saka masa da alheri, amma shi ma akwai mai bin sa. Haka kasuwarmu take, igiya ɗaya ce: kamfani ya ba shi, shi ya ba ni, ni in ba mai shayi, mai shayi ya ba ɗan dako kofi ɗaya sai yamma. In ɗan dako bai sauke kaya ba, jijjigar sai ta kai Kano. Shi ya sa nake mamakin masu ganin maganar talaka maganar tausayi ce kawai. Mai masana'anta a Sharaɗa ko Bompai, wa zai sayar wa sabulunsa in mutanen shafukan nan sun koma sayen rabin sanda?

Ba zan ce ba a yi komai ba, Allah Yana gani an yi. A 2020 an fito da tallafin ƙananan sana'o'i bayan korona. A Oktoban 2023 an ƙaddamar da ba gidaje miliyan 15 naira 25,000 duk wata har wata 3. An raba shinkafa da masara. A Yulin 2024 mafi ƙarancin albashi ya koma naira 70,000. Amma kowanne da ƙofarsa, kuma makullin ƙofar takarda ce: rajistar kasuwanci, asusun banki, BVN, NIN, babbar waya da za a cike fom a intanet. Masu albashi a littafina ba su cika yatsun hannu ɗaya ba. Mai rajistar kasuwanci kuwa babu ko ɗaya. Ga matan da aka auro daga tsallake, shekara 30 suna nan, 'ya'yansu da jikokinsu duk 'yan nan ne, amma ba su da takardar ko'ina. Ga waɗanda 'yan bindiga suka koro, irin mutanen Shimfiɗa da suka kwararo cikin gari a 2022 da kayan jikinsu kawai, da wasu dubbai daga nan da Zamfara da Sakkwato da suka tsallaka jihar Maraɗi tun 2019. Wanda aka ƙona wa rumbu da ɗaki, a ina zai samo kati? Sau ɗaya masu rubuta sunaye suka zo unguwarmu. Suka zauna a ƙofar gidan wani mai faɗa a ji da hantsi, lokacin da duk mai neman na abinci ya fita nema. Kafin labari ya kai bayan rumfar da ake wanke-wanke, sun naɗe takardunsu sun shiga mota.

Wanda ma ya dace ya samu, naira 75,000 ce a kashi uku. Kuɗi in suka shigo gidan da aka kwana biyu ba a ɗora tukunya ba, tukunya za su shiga, kuma ba wanda zai ga laifin uwar da ta yi haka. An kashe yunwar mako biyu, alhamdu lillahi, amma akuyar ba ta dawo ba, keken ɗinkin bai dawo ba.

Ba sai mun je Turai neman dabara ba, tana nan bayan Ɗan Isa. Ban ce Nijar ta fi mu arziki ba, na ga yunwar 2005 a ƙasar Maraɗi da idona, ba na fatan in sake ganin irinta. Amma wuya ta koya musu abubuwan da ya kamata mu ara. Surukata ta shekara fiye da 20 cikin ƙungiyar Mata Masu Dubara, tsarin da aka fara a yankin Maraɗi a 1991 da taimakon ƙungiyar CARE, wanda yau ya bazu ƙasashen Afirka da dama. Na taɓa isa gidansu ranar zamansu, na jira a zaure ina jin su. Mata ne wajen 25 a kan tabarma, da akwatin ƙarfe mai kwaɗo 3, kowane makulli a hannun mace daban, akwatin kuma a ɗakin ta huɗu. Kowa ta zuba abin da aka yanka, a ƙirga da ƙarfi kowa na ji. Mai son jari ta faɗi abin da za ta yi da shi a gaban waɗanda suka san ta tun tana amarya, a ba ta, ta juya ta mayar. Akwai kuma ɗan asusu daban na rashin lafiya da gobara da mutuwa, don kada lalura ta taɓa jarin. Wannan ɗan asusun na biyu shi ya fi burge ni, domin shi ne katangar da mai tuwonmu ta rasa. Ba a tambayar kowa lambar komai, shaidar maƙwabta ita ce jingina.

Suna kuma da habbanaye, al'adar Fulani ce da masu aikin agaji suka ɗauka: a ba mace aron akuya, sau da yawa jar akuyar nan ta Maraɗi mai yawan tagwaye, in ta haihu ta yaye sai 'ya'yan su zama nata, uwar ta wuce gidan wata. Mu ma mun san ba da kiwo tun kakanni, mun dai bar shi ya mutu ne. Manomansu kuma a wasu garuruwa ba sa zubar da hatsi da kaka lokacin da yake arha. Su tara shi a sito ɗaya mai kwaɗo biyu, makulli ɗaya wurin ƙungiyarsu, ɗaya wurin mai ba da rance, su karɓi kuɗi su yi sana'ar rani, in bazara ta yi farashi ya tashi su sayar su biya, ragowar tasu ce. A nan kuwa manomi ya sayar wa mai sito da kaka, ya dawo ya saya a hannunsa da damina.

Wannan aiki ne na kusa, wanda ke Abuja ba zai iya sanin wace ce ta sayar da tukwanenta ba. A Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta ce kuɗin ƙananan hukumomi su riƙa zuwa hannunsu kai tsaye. To ga abin yi. A zauna da sarkin kasuwa da sarkin fawa da shugabannin 'yan dako da na direbobi da masu unguwanni da shugabannin mata, a fitar da sunayen waɗanda ke da sana'a a hannu kafin 2019 suka karye. Mu masu shaguna a nemi littattafanmu, suna nan da kwanan wata. Na san za a ce kowa nasa zai sa a gaba, mai shago kuma masu bashinsa. Tsoron yana kan hanya, son kai ba ya ƙarewa. Maganinsa a karanta sunayen da lasifika a tsakiyar kasuwa ranar Lahadi, a liƙa su a ƙofar masallacin Juma'a mako guda, wanda ke da ja ya ja a gaban mutane. A kawo injin rajistar katin ɗan ƙasa cikin kasuwa a ranar, maimakon a ce tsohuwa ta biya kuɗin mota ta je ta yini a layi. Sannan abin da za a bayar ya zama kayan aiki, tukunya ko keke ko akuya biyu, tare da abincin da zai riƙe gidan har sana'ar ta kama ƙasa, don kada a sake cinye ta. Masu fitar da zakka a cikinmu su ma su duba wannan. Mutum ɗaya da ka tayar ya tsaya da ƙafarsa, baɗi shi ma yana iya ba wani.

Duk wannan kuma ba zai yi ba in hanya da gona ba su gyaru ba. Daga Katsina zuwa nan tafiyar da ba ta kai awa ɗaya ba ce, amma shingayen da ke kai sai direba ya tanadi canji tun daga tasha, kuma kowace naira da ya miƙa ta taga a kan kwanon mai ɗaukar ƙulli take ƙarewa. Gonakin da ke yamma da mu, ƙasa mai albarka, shekaru aka yi ba a shiga wasunsu ba. Ga dam ɗinmu da aka gina don noman rani, da za a gyara magudanansa a raba filaye ga waɗanda aka koro daga ƙauyuka, da sun daina jiran buhun agaji. Yanzu hatsi ya ɗan sauko, mai saye ya ji sanyi, ni ma na ji daɗi saboda mutanen littafina. Amma manomin da ya ci bashin taki da tsada ya zo ya tarar da masara ta faɗi, shi ne sabon shafin da zan buɗe baɗi. A ƙaruwar nan ta 2024 da ake faɗa, bankuna da kamfanonin waya ne suka ja gaba, ƙaruwar noma ba ta kai kashi 2 cikin 100 ba, alhali a nan ne mafi yawanmu muke. Tun a Nuwamban 2022, kafin canjin kuɗi da cire tallafi, Hukumar Ƙididdiga ta ce mutum miliyan 133 ke cikin talauci ta fuskoki daban-daban, miliyan 86 daga ciki a Arewa.

Muna kallon aikin layin dogo na Kano zuwa Maraɗi, mai tsawon kilomita 284, da aka aza harsashinsa a Fabrairun 2021, zai bi ta Daura da Katsina ya ratsa ta garinmu. Muna murna, muna addu'ar Allah Ya nuna mana ƙarshensa. Roƙona tun yanzu a yi tunanin su wa za su ci abinci a tashar. In kwantena ce kawai za ta wuce a rufe daga Kano zuwa Maraɗi, to manyan motocin da ke tsayawa a Magama za su ragu, ɗan abin da ya rage wa mai faci da mai abinci shi ma ya tafi. A ware taragon dabbobi da na hatsi da ƙaramin ɗan kasuwa zai iya biyan kuɗin buhu 5, a yi rumfuna masu arha, a ba 'yan garin da suka karye fifiko kafin masu kuɗi su saye wurin tun yana kan takarda.

Malam Edita, ina roƙon ka turo wakilinka wata Lahadi. Ya sauka a tasha ya zaga kasuwa tukuna, ya ga cikarta, don kada a ce na ɓoye alheri. In ya gama ya zo shago, zan rufe sunayen da takarda saboda amana ce, ya karanta kayan da kwanan wata da kansa.

Zai tarar da sabon shafi guda da na buɗe makon jiya. Mai tuwon nan ce ta zo da sassafe. Ƙanwarta ta aiko mata da tukunya ɗaya daga Maraɗi, aro, wani maƙwabci kuma ya ba ta gefen katangarsa ta kafa murhu. Ta ce in ba ta mai galan ɗaya da magi da gishiri, ba jarka ba, ta fara gani. Na auna mata, na rubuta. Ta ce in Allah Ya kai mu Lahadi za ta kawo.

Wassalam.

Naka mai karanta jaridarku kullum,
wani mai shago daga Jibiya, Jihar Katsina.